Babi na Bakwai: Palau da Ashak a Ƙaramar Kabul

Birnin Fremont na jihar Kalifoniya ba wurin da masu yawon buɗe ido ke ɗokin zuwa ba ne. Gari ne mai mutum kimanin dubu 230, a gabashin gaɓar ruwan San Faransisko, tsakanin Oakland da San Jose, kuma abin da ya fi sa a ambace shi a labarai shi ne masana'antar motocin Tesla. A 1956 aka haɗe ƙananan garuruwa biyar aka yi shi. Ɗaya daga cikinsu, Centerville, shi ne yau unguwar da ake kira Ƙaramar Kabul, ko da yake baƙon da ya zo yana sa ran ganin wata ƙofar gari ko wani ƙaton allo zai iya wucewa a mota bai san ya wuce ba. 'Yan layuka ne kawai a kan titin Fremont Boulevard: kantunan kayan abinci, mahauta masu naman halal, masu sayar da darduma da kayan amare, sai gidajen abinci nan da can. Hanci ne ke riga ido sanin an iso. Hayaƙin kitsen rago a kan gawayi na tasowa daga wannan ƙofa, ƙamshin gurasa mai zafi daga waccan.

Gurasar ce ke tara mutane. A kantin Maiwand Market, wanda ya ɗauki sunan wurin da Afganawa suka ci sojojin Ingila da yaƙi a 1880, ana yin layi ana jiran ta fito. Doguwa ce, faffaɗa, ta fi tsawon hannun babban mutum, da sawun yatsu jere a bayanta. Magidanci kan sayi uku ko huɗu ya rungumo su zuwa mota, kafin ya kai ƙofar gida yaran da ke kujerar baya sun gutsire bakin ɗaya.

Yaƙi ne ya kawo mutanen nan. A watan Disamba na 1979 sojojin Tarayyar Sobiyat suka shiga Afganistan, ba su fita ba sai a Fabrairun 1989. A cikin waɗannan shekaru mutum sama da miliyan biyar suka bar ƙasar, mafi yawansu zuwa Pakistan da Iran. Kaɗan daga cikinsu, galibi 'yan boko da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwan Kabul, suka samu hanyar Jamus da Amurka. Waɗanda suka fara sauka a wannan yanki na Kalifoniya sun tarar da haya mai dama-dama a lokacin, da busassun tuddai masu tuna musu gida, sai suka riƙa kiran 'yan'uwa. Khaled Hosseini, wanda aka haifa a Kabul a 1965 kuma iyalinsa suka samu mafaka a Amurka a 1980, a Fremont ya zaunar da taurarin littafinsa The Kite Runner na 2003, inda uban da ake ji da shi a Kabul ya koma aiki a gidan mai. Ba ƙirƙirar marubuci kaɗai ba ce. Janar-janar da alƙalai da malaman jami'a sun tuƙa tasi, sun yi gadi, sun baza tsofaffin kaya a kasuwar gwanjo ta San Jose. Takardun shaidarsu ba su yi musu aiki a nan ba. Abin da ya ƙetare iyaka bai rasa darajarsa ba shi ne abin da matansu da iyayensu mata suka iya a madafa.

A nan ne labarin gidan abincin Afganawa na unguwa ya bambanta da yadda ake zato. A can gida, cin abinci a waje harkar maza ce. Direban babbar mota da ɗan kasuwa da matafiyi su ne ke zama a caikhana, wato gidan shayi, su naɗe ƙafa a kan dakali mai shimfiɗa, a kawo musu tsire da gurasa da butar shayi daga samawar, ko kuma cainaki, wani farfesun rago da ake dafawa cikin tsohuwar butar shayi a kan garwashi. Abincin da ake alfahari da shi kuwa yana cikin gida, hannun mata, kuma ba a sayar da shi: sai dai a gayyace ka. Wanda ya yi shekara a Kabul yana ci a kasuwa kaɗai zai iya komawa ƙasarsu bai ɗanɗani rabin girkin garin ba. Gudun hijira ne ya haɗa madafan nan biyu a takardar abinci ɗaya. Miji ko ɗa ya tsaya a gaban gawayi, uwa ko mata ta shiga ciki da tukwanenta, abin da a da sai baƙon girma ke samu ya zama kowa na iya zama ya ci idan ya biya.

Misalan suna nan a fili. A birnin Adelaide na Ostireliya, iyalin Ayubi da suka bar Afganistan a 1985 sun buɗe gidan abinci mai suna Parwana a 2009 a unguwar Torrensville, uwar gidan, Farida, ita ce shugabar madafa, kuma 'yarta Durkhanai ta fitar da littafin girke-girken gidan a 2020. A Baltimore, Qayum Karzai, yayan Hamid Karzai wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, ya buɗe The Helmand a 1989, kuma abin da ya fi yi wa gidan suna ba nama ba ne, kabewa ce.

Gidan abinci irin na Fremont ba ya cika girma. Tebur goma ko goma sha biyar, jar darduma a bango, hoton tafkunan Band-e Amir masu shuɗin ruwa ko na shuɗin masallacin Mazari Sharif, wani lokaci da hoton mahaya dawakai suna wasan buzkashi. A wasu gidajen akan ware lungu a shimfiɗa katifu da matasai don masu son zama a ƙasa, a baza musu dastarkhan, ƙyallen da ake jera abinci a kai. Sunayen gidajen ma taswira ce: Salang, Pamir, Bamiyan, Khyber, Ariana, De Afghanan. Yaron da ke kai abinci, wanda sau da yawa ɗan mai gidan ne da ya taso daga makaranta, yana yi wa baƙo Turancin Kalifoniya, ya juya ya ce wa dattijon da ya shigo “Salam, kaka jan,” wato baffa, hannunsa a ƙirji. Dattijuwa kuwa khala jan ce, inna, ko da bai taɓa ganinta ba. “Befarmayed,” in ji shi, yana nuna kujera: bisimilla.

Gurasa ce ke fara zuwa, kuma ba don a rage jira ba. Afganistan ƙasar alkama ce kafin ta zama ƙasar shinkafa. Mutanenta na cikin waɗanda suka fi kowa cin alkama a duniya, kuma ga talaka gurasa da shayi su ne karin kumallo, sau da yawa su ne na dare. A Kabul kowace unguwa da gidan gurasarta. Maza huɗu ko biyar ne ke zaune a kan dakali kewaye da tanderun da aka haƙa a ƙasa: wannan ya yanki ƙullin ya auna, wancan ya faɗaɗa shi ya ja masa layuka da yatsu, na gaba ya shimfiɗa shi a kan wani matashi ya sunkuya ya manna a bangon tanderu, na ƙarshe ya ɓamɓaro shi da ƙarafa biyu ya wurga wa mai miƙa wa jama'a. A da ma ba a biya kullum. Yaro kan zo da ɗan sanda, mai gurasa ya yi masa tsaga ɗaya da wuƙa a kan kowace gurasa, ƙarshen wata a ƙirga tsagogi a biya. Gurasar da ke zuwa teburin Fremont, da ɗan barbaɗin habbatus sauda ko riɗi, ita ce cokali, ita ce kuma ake share faranti da ita. Ba a taka ta, ba a jefar da ita. Gutsuren da ya faɗi ƙasa akan ɗauke shi a ajiye wuri mai tsabta.

Yawancin baƙi tsire suke fara nema, kuma ba su yi laifi ba. Tikka gunduwa-gunduwa ce ta naman rago a dogon tsinken ƙarfe mai faɗi, a can gida akan sa ɗan kitsen jelar tunkiya tsakanin gunduwa da gunduwa, domin tumakin ƙasar irin masu tara kitse a jela ne, kitsen ne kuma ke narkewa ya jiƙa naman. Copan kabab na makiyaya ne, awaza da ƙashinta, gishiri kawai. Capli kabab daga gabas ya fito, yankin Pashtun da ya haɗa Jalalabad da Peshawar: niƙaƙƙen naman sa ne da albasa da tumatir da dakakken ƙwayar koriyanda, a faɗaɗa shi a soya a cikin kitse har gefensa ya yi ƙamas-ƙamas. Ba a turbuɗe naman da yaji. Abin da ake barbaɗawa a kai wani gari ne mai tsami, na ɗanyen inabi da aka busar aka daka, ko na sumak. Wanda harshensa ya saba da barkono zai ji abincin ya yi sanyi a cokalin farko. Maganinsa na nan a ƙaramin kwano, koren catni na ganyen koriyanda da ɗanyen barkono da tafarnuwa da khal. Afganawa sun fi dogara da albasa, da tsamin kindirmo, da ingancin naman kansa.

Amma wanda ya ci tsire ya tashi, abincin kasuwa kaɗai ya ci. Abin da ya cancanci a yi tattaki dominsa yana shafin da mutane ke tsallakewa.

Ashak ne farko. Abincin Kabul ne, kuma aikinsa na cin yini. Ana kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, a bar ta ta huta, a murza ta har sai ta yi siriri ana hango inuwar yatsa ta bayanta, sannan a kifa bakin kofi a yanka ta zagaye-zagaye. Cikinsa gandana ne, wani ganye ɗan'uwan lawashi da ake yanka ya sake tohowa sau da yawa a shekara. A Amurka ba ko'ina ake samunsa ba, don haka wasu iyalai ke shuka shi a bayan gida, wasu gidajen abinci kuma su musanya da ganyen albasa. Ana yanka shi ƙanana, a sa gishiri a matse ruwan, a ɗiba da ɗan cokali a ɗora a tsakiyar kowane zagaye, a ninke, a danne baki da yatsa a jiƙe. Kowane ɗaya sai an taɓa shi da hannu, kuma mutum guda na cinye goma sha biyu bai ji komai ba. Shi ya sa a gida ba mace ɗaya ke yinsa ba: uwa da 'ya'ya da suruka da maƙwabciya ne ke kewaye tire suna ninki suna hira. Idan an tafasa shi 'yan mintoci, sai a shafa caka a ƙasan faranti, wato kindirmon da aka tsane a cikin ƙyalle har ya yi kauri aka dama shi da tafarnuwa. A jera ashak a kai, a zuba miyar niƙaƙƙen nama da tumatir, a ƙara caka, a murtsuke busasshiyar na'ana'a a tafin hannu a barbaɗa. Cokali ɗaya na ɗauke da zafi da sanyi, laushi da ɗan kaifin ganye, tsami da maiƙo. Mai gidan da ya sa ashak a takardarsa ya san ribarsa ba ta kai wahalarsa ba. Yana sa shi ne domin gidan da babu shi, a idon 'yan garinsu, rumfar tsire ce kawai.

Mantu ɗan'uwansa ne, sai dai da nama da albasa a ciki, kuma turara shi ake yi a madambaci mai hawa-hawa. Daga arewa ya fi ƙarfi, wajen Uzbek da Turkmen, kuma danginsa sun bazu daga Turkiyya har Sin. Ana tsuke kusurwoyinsa huɗu a sama, a zuba masa caka da miyar wani rawayan wake da aka fasa biyu. Alamar mai kyau ita ce fatar ta yi siriri amma ba ta fashe ba, idan aka ciza romo ya fito.

Sai bolani, gurasa mara yisti da ake cusa wa dankalin turawa ko gandana ko kabewa, a ninke a gasa a kan kasko, a yanka a kawo da kindirmo. Yara ba sa barin ko ɓarɓashinsa. Sai borani banjan, baƙin yalo da aka soya aka dafa da tumatir har ya narke. Sai borani kadu, wannan kabewar da ta yi wa The Helmand suna: a dafa ta da sukari har ta yi laushi, a kwantar da ita a kan kindirmo mai tafarnuwa, wani lokaci a ɗora miyar nama. Mai jin bayanin zai ce zaƙi da tafarnuwa ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Sai ya ɗanɗana.

Abin shan da ke raka su shi ne dogh. Wanda ya saba shan nono da sukari zai yi turus a kurɓar farko, domin wannan tamkar tsala ce da aka sa wa gishiri, aka yanka mata kokwamba ƙanana, aka zuba na'ana'a da ƙanƙara. A kurɓa ta uku zai gane aikinta: tana wanke maiƙon rago daga baki.

Duk wannan share fage ne ga palau. Kabuli palau shi ne abincin da ƙasar ke tunƙaho da shi, shi ake yi ranar ɗaurin aure da ranar sallah da ranar da babban baƙo ya sauka. Shinkafa ba abincin kullum ba ce ga yawancin mutanen karkara. A lardunan da ke da ruwa kamar Kunduz da Baghlan da Laghman ake noma ta, saura kuma daga Pakistan ake shigo da ita, don haka dafa ta girmamawa ce. Ana wanke doguwar shinkafa har ruwan ya yi garau, a jiƙa ta awanni. A wata tukunyar ana soya albasa har ta yi duhu, dab da ƙonewa amma ba ta ƙone ba, domin daga nan launin shinkafar zai fito; wasu kan ƙara da sukarin da aka narkar ya yi ja. A sa ƙwaurin rago, a zuba ruwa, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har naman ya fara sakin ƙashi, a tsame shi a tace romon. Sannan a tafasa ruwa mai yawa da gishiri a zuba shinkafar. Nan ne gwaninta take. Mai girki ba ta duba agogo. Takan tsamo ƙwaya ɗaya ta murje ta tsakanin yatsu biyu, idan waje ya yi laushi amma tsakiya na da ɗan tauri, nan take a juye a gwagwa. Minti ɗaya ya wuce, an yi asarar tukunya.

Daga nan sai dam, wato turarawa. A mayar da shinkafar tukunya, a yayyafa mata romo da mai, a barbaɗa car masala, haɗin kayan ƙamshi huɗu da kowane gida ke da nasa awon, galibi kirfa da kanumfari da kammun da kadamon. A binne naman a ciki. Karas da aka yanka siri-siri aka soya da ɗan sukari, da zabibin da aka soya har ya kumbura, a ƙunshe su a ajiye gefe ɗaya cikin tukunyar. A tara shinkafar ta yi tsini, a huda ta da gindin ludayi wuri huɗu ko biyar don tururi ya samu hanya, a naɗe murfi da tsumma mai tsabta don ya shanye gumi, a rufe ruf. A gidan biki har garwashi ake ɗorawa a kan murfin. Rabin awa ko fiye ba mai buɗewa. Idan aka juye a tire, naman na ƙasa a ɓoye, shinkafa ta rufe shi, karas da zabibi da almon a sama. Ƙwayoyin su fito wara-wara, kowace da ƙyallin mai amma ba ta nutse a ciki ba. Mai masauki kan tono tsokar da ta fi kyau ya tura gaban baƙo, kuma ƙin karɓa ba ladabi ba ne.

Gidan abinci ba zai iya yi wa kowane mai shigowa sabuwar tukunya ba. Da safe ake yin dam, wani lokaci a sake da yamma, shi ya sa palau na ƙarfe ɗaya na rana ya fi na ƙarfe huɗu. Gidan da ya ce palau ya ƙare a dawo gobe ya fi gidan da ke ɗumama na jiya daraja, kuma 'yan unguwa sun san wanne ne wanne.

Alhazan da suka taɓa zuwa Makka da Madina sun riga sun ɗanɗani wani reshe na wannan girki, ko da ba su sani ba. Gurasar tamis da ake bin layi a saya da asuba a ci da ful, yawancin masu tsayawa a bakin tanderunta Afganawa ne. Shinkafar Bukhari mai karas da zabibi da ake sayarwa da gasasshiyar kaza a Jidda da Makka kuwa, mutanen Asiya ta Tsakiya ne suka kai ta Hijaz, waɗanda suka gudu daga mulkin Sobiyat a shekarun 1920 da 1930, da yawansu ta hanyar Afganistan. Ita da palau na arewacin Afganistan tushensu ɗaya.

Zabibin da ke kan shinkafar ma yana da nasa tarihin. Ƙasar da duniya ta sani da yaƙi, maƙwabtanta da 'ya'yan itatuwa suka san ta: rumman na Kandahar, inabin filin Shamali a arewacin Kabul, shammam na Kunduz da Mazar, lemun Jalalabad da ake yanka ɓawonsa a yi narenj palau, za'afaran na Herat. Babur, wanda ya ci Kabul a 1504 kafin ya kafa daular Mughal a Indiya, ya yabi 'ya'yan itatuwan garin a littafin tarihin rayuwarsa, ya yi kewar shammam ɗinsu a Indiya, kuma a lambunsa na Kabul kabarinsa yake. Har yau manoman Shamali na rufe ɗanyen inabi cikin wasu ƙwarya biyu na laka da ake kira kangina, a liƙe bakinsu, a fasa bayan watanni a tarar da shi bai lalace ba. Kafin yaƙi Afganistan na cikin manyan masu fitar da zabibi a duniya. Filin Shamali ya zama fagen daga, a 1999 aka ƙone gonakin inabinsa da yawa. A kantunan Fremont buhunan koren zabibi da busasshen tut da almon da aka rubuta wa sunan lardunan gida suna da masu nemansu, ko da na Kalifoniya, wadda ita ma ƙasar zabibi da almon ce, ya fi araha.

Bayan an kwashe faranti sai shayi. Kore ne galibi, da kadamon, ba madara, a ƙaramin kofi, kuma ba a ƙirga kofuna. Akan kawo shi da nuql, almon da aka lulluɓe da farin sukari, ko firni, wani farin kunun madara mai sanyi da ruwan wardi da dakakken fistashiyo a kai. “Noshe jan,” in ji mai kawowa, a ci lafiya. Wanda ya san ladabin wurin kan leƙa wajen madafa ya ce wa mai girki kada hannunta ya yi ciwo, ya ce wa mai gida Allah ya raya gidansa. Sai rigimar biya. Idan magidanta biyu suka ci tare, ɗaya zai miƙe kamar zai je wanke hannu, ya zarce wajen mai karɓar kuɗi; ɗayan ya ankara ya taso da sauri ya riƙe masa hannu, kowa na rantsuwa cewa yau nasa ne, yaron da ke bayan kanta na tsaye da kati biyu a gabansa yana jiran wanda zai sassauto. Shi kansa mai gidan, idan ya san ka, sai ya ce ka zama baƙonsa yau. Ana gode masa, a nace, a biya. Pashtun na kiran wannan ɗabi'a ta karrama baƙo melmastiya, kuma tana cikin ginshiƙan al'adarsu. Sauran ƙabilun ƙasar, Tajik da Hazara da Uzbek, ba wanda zai yarda an fi shi.

Musulmin da ya shiga irin wannan gida a Fremont zai samu naman halal kusan ko'ina. A wasu biranen, inda yawancin masu cin abincin ba Musulmi ba ne, akwai gidajen Afganawa da ke sayar da giya, don haka tambaya kafin a zauna ba abin kunya ba ne.

Gidajen nan sun ga kwanaki masu wuya. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 sunan ƙasar kansa ya zama nauyi; masu gidajen abinci da dama sun rataya tutar Amurka a taga, 'yan jarida suka cika Fremont Boulevard suna neman wanda zai yi magana. Shekara ashirin bayan haka, ranar 15 ga Agusta na 2021, Taliban suka sake shiga Kabul, mutanen Ƙaramar Kabul suka kwana a kan waya suna neman hanyar fitar da 'yan'uwa. A ƙarshen wannan shekara hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce mutum kusan miliyan 23, fiye da rabin al'ummar ƙasar, na fuskantar matsananciyar yunwa. A lokacin, a Kabul mata kan zauna jere a ƙofar gidajen gurasa da yamma suna jiran mai saye ya saya musu ɗaya. Wani kaso na kuɗin da ake biya a kan farantin palau a Kalifoniya can yake tafiya ƙarshen wata, domin da wuya a samu mai gidan abinci ko mai wanke-wanke a unguwar da ba ya ciyar da wani gida a Kabul ko Herat ko Peshawar.

Sama da mutum dubu 70 aka kwaso zuwa Amurka a 2021. Kaɗan ne daga cikinsu suka iya zama a Fremont, domin kuɗin kamfanonin kwamfuta na yankin ya sa haya ta fi ƙarfin sabon zuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo Kalifoniya Sacramento suka nufa, babban birnin jihar, inda tun bayan dokar 2009 da ta ba masu yi wa sojojin Amurka tafinta da sauran ayyuka biza ta musamman Afganawa ke taruwa. Yanzu can ne sababbin gidajen gurasa da na palau ke buɗewa. A Fremont kuwa 'ya'yan waɗanda suka kafa gidajen farko sun zama injiniyoyi da likitoci da lauyoyi, ba kowannensu ke son gadon tsayuwar awa goma sha biyu a gaban gawayi ba, sai sababbin zuwa ke karɓar madafan. Matan da suka iso kwanan nan, waɗanda Turanci bai zauna musu ba tukuna kuma ga yara ƙanana, sun samu tasu hanyar: suna ninka mantu da ashak a ɗakunan haya, su sa hoto a Facebook da WhatsApp, a yi oda tire-tire don walima ko buɗa-baki. A 2018 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumominta damar ba da lasisin sayar da abincin da aka dafa a madafar gida, kuma wasu gidajen abincin unguwar, da hannayen ninki suka yi musu ƙaranci, wajen irin waɗannan mata suke neman masu yi musu ashak.